Gaskiya ko Jita-jita: Teɓa Alamar Hutu Ce?

Da zarar magidanci ya ajiye teɓa sai a fara yi masa kirari, wai kuɗi sun zauna. A wajen likitocin zuciya kuwa, wannan tumbin shi ne abin da suke fara kallo. Kitsen da ke taruwa a cikin ciki, kewaye da hanji da hanta, ya bambanta da na cinya ko na damtse. Yana tura maiƙo kai tsaye zuwa hanta, yana kuma sa jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da suga cikin tsoka. Tef ɗin tela ya isa a gane inda aka kwana: a zagaya shi daidai cibiya. Ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya ta sa iyaka a santimita 94 ga namiji, 80 ga mace.

Jita-jitar da ta fi wannan haɗari, a ganina, ita ce ta "ai kaɗan ya hau". Mutum ya fito daga asibiti yana murna: jininsa 135 bisa 85, sugansa na safe kafin karyawa 105, ba a ce yana da ciwon suga ba, ba a rubuta masa magani ba. Kowanne shi kaɗai ƙaramin abu ne. Amma abubuwa biyar likitoci ke haɗawa su duba: faɗin ƙugu, awon jini daga 130 bisa 85, suga daga 100, maiƙon jini mai suna tiraigilisaraid daga 150, da ƙarancin kolestarol mai amfani, wato ƙasa da 40 ga maza, ƙasa da 50 ga mata. Duk wanda ya haɗa uku, haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ya kusan ninka masa sau biyu, na ciwon suga kuma kamar sau biyar. Bakin jijiyoyin jini ne ke ta cushewa a hankali, shekara da shekaru, ba tare da ko ciwon kai ba. Shi ya sa mai cewa "ni kaina ba ya ciwo, ba ni da hawan jini" bai faɗi komai ba sai ya miƙa hannu an auna.

Siriri ma bai tsira ba. Akwai mai siraran hannuwa da ƙafafu amma cikinsa a gaba, kuma lissafin bai ɗaga masa ƙafa ba.

Ana kuma ɗora laifin hawan jini kacokan a kan tunani. Damuwa tana da nata kason, amma tukunya ta fi ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, abin da bai cika ƙaramin cokali ba. Uwargida za ta rantse ta rage gishiri, alhali ta murje dunƙule huɗu a miya, ga kanwa, ga yajin tsire da dare, duk sodiyam ne.

Zoɓo fa? Nan akwai ƙamshin gaskiya: bincike ya nuna yana ɗan sauke jini. Sai dai na ƙullin leda da ake sha da rana suga ya yi masa yawa, kuma ko marar suga ba ya maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta. Abin da aka tabbatar yana aiki bai da armashin labari: tafiya da sauri minti 150 a mako, barin sigari, da rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki. Mai kilo 90 ke nan ya zubar da huɗu da rabi zuwa tara, kuma tun kafin tumbin ya ɓace awon jini da na suga suke fara sauka.