Barikin Chindit da Mazan da Suka Kwanta a Bama

A Zariya, daga Kongo zuwa barikin Chindit ba wata tafiya ba ce, ɗan acaɓa zai kai ka kafin ka gama gyara zama. A nan Defo take, inda tun 1924 ake horar da kuratan sojan ƙasar nan. Amma ka tsaya a bakin ƙofar jami'a a Kongo ka tambayi masu wucewa inda barikin ya samo wannan suna, da wuya ka dace da mai amsa.

Sunan daga Bama ya zo, ba ta Borno ba, ƙasar da yau ake kira Myanmar. A Yaƙin Duniya na Biyu Japanawa sun ƙwace ta daga hannun Ingila, sai wani janar mai suna Orde Wingate ya kawo dabarar da manyansa da yawa suka ɗauka hauka ce: a kwashi sojoji a jirgin sama a sauke su a tsakiyar daji, can bayan abokan gaba, su datse musu hanya, abinci da harsashi kuwa a riƙa jefo musu daga sama. Wannan runduna ita ce Chindit.

An fara kwasar sojojin ranar 5 ga Maris 1944. Cikinsu har da birged ta 3 ta Afirka ta Yamma, wato bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta sojan Nijeriya. Da yawansu 'yan Arewa ne da aka ɗauko daga gona, Hausa kuma ita ce harshen bariki a lokacin, har hafsoshi Turawa sai da suka koye ta. Wingate bai ga ƙarshen dabararsa ba, ranar 24 ga Maris jirginsa ya faɗi a duwatsu ya mutu.

An tura 'yan Nijeriya wani sansani kusa da garin Mawlu, wanda aka kafa a kan layin dogon da ya tashi daga Mandalay zuwa Myitkyina. Ta wannan layi Japanawa ke kai wa dakarunsu na arewa kaya. Lemomin da ake jefo kaya da su sun maƙale a bishiyoyi har wurin ya yi fari fat, shi ya sa ake ce masa White City. A watan Afrilu Japanawa suka ɗaura aniyar buɗe hanyarsu. Da yamma su yi ruwan igwa, dare na yi su afko wa wayar da aka kewaye sansanin da ita, gari na wayewa a ga gawarwaki rataye a jikinta. Haka aka yi ta yi dare bayan dare har warin gawa ya hana mutane sakat, amma ba su shiga ba.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan muni. A watan Mayu aka bar sansanin aka nausa arewa a ƙafa, damina kuma ta sauka. Ga taɓo, ga matsattsaku, ga zazzaɓin cizon sauro da atini, alfadarai na zamewa daga kan tudu da kayansu. Sai a watan Agusta aka fitar da waɗanda suka rage.

Waɗanda suka mutu can aka bar su. A maƙabartar Taukkyan, kusa da Yangon, akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, kuma akwai 'yan Nijeriya a ciki. Waɗanda suka dawo kuwa, kuɗin sallamar da aka ba su bai kama ƙafar na Turawan da suka sha wuya tare ba.

A da, ranar 11 ga Nuwamba ake tunawa da su, kamar yadda ake yi a Ingila. Daga baya aka mayar da ranar 'yan mazan jiya zuwa 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare, da Philip Effiong na Biyafara ya miƙa wuya ga Yakubu Gowon, wanda ya tashi a nan Wusasa, a barikin Dodan a 1970. Sauyin ya yi daidai, yaƙin basasa namu ne. Sai dai a tsakanin ajiye furanni da sakin tantabaru a Abuja, ba kasafai ake jin an ambaci mutanen White City ba, kuma a ganina wannan butulci ne. Yaƙin Turawa ne, gaskiya, amma 'ya'yanmu ne suka mutu a cikinsa.

Mai karatu, in akwai tsohuwar lambar yabo ko takardar sallamar soja a akwatin kakanka, kada ka bari gara ta cinye ta. Ka nemi dattijon da ya san labarin mai ita ka rubuta, ranar 15 ga Janairu kuma ka yi masa addu'a da sunansa.