Katakon baƙin wolnot: ina gaskiya, ina ƙarin gishiri?

Da zarar kujera ko gado ya zo da launin ƙasa mai duhu, sai dillali ya ce wolnot ne, kuɗi ya haura. Baƙin wolnot na asali bishiya ce ta gabashin Amurka ta Arewa, ana sare ta da yawa a jihohin Misuri da Indiyana da Ohayo. Wanda ake kira wolnot ɗin Afirka, mai fitowa a dazukan kudancin Najeriya da Kamaru, dangin maɗaci ne. Katako ne nagari, amma kada a sayar maka da shi a kuɗin wancan.

Ana cewa baƙin wolnot ya fi kowane katako tauri. Ba haka ba ne. A ma'aunin taurin katako na Janka yana da 1,010, alhali jan katakon ok yana da 1,290. Abin da ya sa kafintoci ke sonsa shi ne yana bin zarto, yana karɓar sassaƙa, kuma idan ya bushe da kyau ba ya yawan karkacewa. Shi ya sa tun da daɗewa ake yin ƙotar bindiga da shi.

Masu cewa yana ƙara duhu da tsufa ma sun yi kuskure. Hasken rana yana sa shi ya kwantar da duhunsa, ya koma ja-ja mai haske. Gefen kututturensa kuwa fari ne, sai a yi masa turiri a masana'anta don launin ya daidaita da na ciki.

Batun guba shi ne ke da gaskiya a ciki, kuma ya kamata a kula. Idan aka shimfiɗa wa doki garin wannan katako a barga, ko kaɗan ne ya gauraya da wani, kofatonsa na iya kumbura cikin kwana ɗaya har ya kasa tsayuwa. Saiwar bishiyar kuma tana fitar da wani sinadari mai kashe tumatir da dankalin turawa. Amma allon yanka nama da akushin da aka yi da busasshen katakon ba sa sa wa abinci guba. Kafinta dai ya rufe hanci, don ƙurarsa na damun wasu.

Cikin katakon yana jure ruɓa sosai, amma ƙwari na cinsa. Wanda ya sayi kayan wolnot ya ɗaga su daga ƙasa, ya yi maganin gara kamar yadda zai yi wa kowane katako.