Yaro Mai Gishiri a Zufa

Duk mazaunin ƙasar Daura, daga cikin birni har Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa, ya san amosanin jini, ya kuma san yadda uba mai AS da uwa mai AS, alhali kuwa kowannensu lafiyarsa ƙalau, sukan haifi ɗan da zai yi ta kwana da ciwon ƙashi. To, akwai wata larura da ake gado ta wannan hanya, wadda likitoci ke kira sistik faibrosis, kuma idan iyaye biyu suna ɗauke da illarta a ɓoye, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da ita.

Likita Dorothy Andersen ce ta fayyace ta a Amurka cikin 1938, sai a 1989 aka gano ƙwayar halittar da ke haddasa ta. Asalin al'amarin shi ne, ƙofar da gishiri ke bi yana jan ruwa zuwa cikin majinar jiki ba ta aiki, saboda haka majinar da ya kamata ta kasance tsararo sai ta yi kauri kamar ƙaro, ta liƙe a huhu ƙwayoyin cuta su sami mazauni, ta kuma toshe hanyar ruwan da ke narkar da abinci, har yaro ya ci ya ƙoshi amma ya yi ta ramewa, bayan gidansa da maiƙo da ɗoyi. Zufarsa kuwa idan ta bushe takan bar farin gishiri a goshi, kuma da awon gishirin zufa ake tabbatar da cutar tun 1959.

Gaskiya ne ta fi yawa ga Turawa, inda kusan mutum 1 cikin 25 ke ɗauke da illar, amma an same ta ga baƙar fata a Afirka ta Kudu. Abin da ke damuna shi ne, alamominta sun yi kama da na tarin fuka da tamowa, waɗanda idon ma'aikatanmu ya saba da su, don haka mai ita yana iya shan maganin da ba nasa ba wata da watanni.

Jinyarta aiki ne na kullum, wanda malamar jinya ke koya wa uwa hannu da hannu: a kwantar da yaro, a lanƙwasa tafi a riƙa bubbuga ƙirji da baya safe da yamma domin majina ta taso, a ba shi ƙwayar narkar da abinci tare da kowace cima, a wadata shi da mai da madara da ƙwai, a nisanta shi da hayaƙin murhu da ƙurar hunturu. Bazara irin tamu ita ce babban hatsari, domin gishirin jikinsa yana tsiyayewa da zufa, wajibi ne a ƙara masa ruwa da gishiri bisa shawarar likita. A asibiti kuma ba a haɗa masu ita biyu ɗaki ɗaya, gudun kada su shafa wa juna ƙwayoyin cuta.

Maganin Trikafta, wanda ya fito a 2019, ya sauƙaƙa wa akasarin masu ita ƙwarai, sai dai kuɗinsa a Amurka ya haura dala 300,000 a shekara. Iyayen da ɗansu ya haɗa tari mara jin magani da rama da zufa mai gishiri, su ambata wa likita ukun a haɗe a Babban Asibitin Daura, su nemi a tura su asibitin koyarwa a Katsina ko Kano.