Zafi Mai Gadin Jiki Ne

Idan mun taka ƙaya a gona, ƙafa takan ɗaga tun kafin mu ce wayyo. Ga dalili. A cikin fatarmu akwai ƙananan jijiyoyi masu gadi. Da ƙaya ta shiga sai su aika da saƙo zuwa laka, wadda ke cikin ƙashin baya. Laka ba ta jira, nan take takan sa ƙafa ta janye, ta kuma miƙa labari ga ƙwaƙwalwa. Sai labarin ya kai can muke jin zafi. Saƙon iri biyu ne. Mai sauri shi ne sukar farko. Na biyun yana tafe a hankali, kamar mita 1 cikin daƙiƙa, shi ne raɗaɗin da ke biyo baya.

To, kuturta takan lalata waɗannan jijiyoyi. Likita Paul Brand, wanda ya fara aiki a Indiya a 1946, ya nuna cewa yawanci ba cutar ce da kanta ke cinye yatsu ba. Mutum ne zai ɗauki tukunya daga wuta, ko ya wuni yana noma da ƙota mai kaushi, bai ji kome ba, har rauni ya zama gyambo. Ciwon sukari ma yakan yi wa ƙafa haka.

Saboda haka, wanda ya ga tabo mai haske a fatarsa, ana taɓawa ba ya ji, ya hanzarta zuwa asibiti. Kuturta tana warkewa, maganinta kuwa kyauta ne. Wanda ƙafarsa ta riga ta daina ji, ya riƙa duba tafinta kowane maraice, kada ya shiga gona ba takalmi.