Takunkumi da Waifa: Numfashin Matuƙin Jirgi da Ganinsa

Jirgin fasinja yakan yi tafiyarsa ne a tsayin ƙafa 35,000 ko fiye, inda ɗan Adam ba zai iya rayuwa da iskar waje ba. Ba wai oksijin ya ƙare a can ba ne. Yana nan a kashi 21 cikin 100 na iska kamar yadda yake a ƙasa, amma matsin iskar ya ragu zuwa wajen kashi ɗaya bisa huɗu, don haka huhu ba ya iya tura shi cikin jini. Shi ya sa ake hura iska a cikin jirgin, a riƙe ta daidai da ta tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Idan wannan tsari ya lalace, ko taga ta fashe, matuƙi yana da daƙiƙa 30 zuwa 60 kafin hankalinsa ya daina aiki. A ƙafa 40,000 kuwa lokacin bai wuce daƙiƙa 20 ba.

Muguntar ƙarancin oksijin ita ce ba ya zuwa da zafi. Mutum ba ya jin an shaƙe shi. Wani ma nishaɗi yake ji, yana ganin komai lafiya lau, alhali leɓɓansa sun fara yin shuɗi, lissafin da ɗan firamare zai yi ya gagare shi. Ƙwaƙwalwar da ya kamata ta gano matsalar ita ce ta fara kwantawa. Saboda haka dokar matuƙa ba ta da sassauci: da jin ƙararrawa a sa takunkumi, bincike ya biyo baya.

Takunkumin matuƙa daban yake da na fasinja. Yana cikin wani ɗan akwati a gefen kujera, an kuma ƙera shi yadda za a sa shi da hannu ɗaya cikin daƙiƙa biyar. Matuƙi zai matsa jajayen kunnuwa biyu ya fizgo shi, igiyoyinsa su kumbura da iska su buɗe, ya zura kansa. Da ya saki, sai su sace su kama ƙeyarsa tam. A ciki akwai makirufo, don kada magana ta yanke tsakaninsa da abokin tuƙinsa da masu kula da zirga-zirgar jirage. Iskar tana fitowa ne daga silinda mai matsi sosai, wajen 1,850 a ma'aunin psi a jirgi irin Boeing 737. Akwai zaɓi uku a jikinsa: a gauraya oksijin da iskar ɗakin, ko a ba da shi zalla, ko a turo shi da ƙarfi idan hayaƙi ya turnuƙe ɗakin don kada ya samu kafar shiga. Kafin jirgi ya tashi ana gwada shi: a danna maɓalli, a ji hucin iskar, a ga alama ta bayyana, a duba ma'aunin silinda. Kuma ba a kusantar kayan nan da giris ko wani maiƙo, domin oksijin zalla mai matsi yana iya tayar da gobara idan ya haɗu da mai.

Na fasinja kuwa, a yawancin jirage ba silinda ba ce. Wani sinadari ne yake ƙonewa a cikin gwangwani ya fitar da oksijin, kuma jan da fasinja ya yi wa takunkumin shi ne yake kunna shi. Yakan yi minti 12 zuwa 20 da 'yan kai, wato gwargwadon abin da zai isa matuƙa su sauko da jirgin zuwa ƙafa 10,000.

Abin da ya faru ranar 14 ga Agusta 2005 ya nuna kuɗin da ake biya idan aka saɓa dokar sa takunkumi da jin ƙararrawa. Jirgin kamfanin Helios, ƙirar Boeing 737, ya tashi daga Larnaka a tsibirin Saifurus zuwa Atan. An bar maɓallin matsin iska a inda injiniyoyi suka juya shi lokacin gwaji a ƙasa, kuma binciken da matuƙan suka yi kafin tashi bai kama hakan ba. Da ƙararrawa ta yi ƙara, sai suka ɗauka wata ce mai sauti iri ɗaya, wadda ba ta bugawa sai a ƙasa. Suna ta magana da injiniya ta rediyo har suka sume. Jirgin ya ci gaba da tuƙa kansa a ƙafa 34,000, ya yi ta kewaye a sararin Girka har mai ya ƙare, ya faɗi kusa da Giramatiko. Mutum 121 suka rasu. Takunkumin da zai ceci kowa yana gefen matuƙan. Daga baya hukumar jiragen sama ta Amurka ta wajabta sanya fitilun da za su bambance ƙararrawar biyu.

Waifa ba ta kai wannan ban tsoro ba, har wasu kan yi mamakin jin cewa jirgi yana da ita. Yana da ita mana, kuma kowane matuƙi da tasa, da motarta daban da maɓallinta daban, yadda idan ɗaya ta tsaya ɗayan zai ci gaba da gani. A can sama ba a bukatarta, gudun iska kaɗai ya isa ya kore ruwa. Aikinta yana lokacin tafiya a ƙasa, da tashi, da kuma sauka, inda dole matuƙi ya hango fitilun titi da idonsa a wani tsayi da aka ƙayyade, in bai gani ba ya fasa sauka ya sake tashi. Tana da iyakar gudu: a jirgin Airbus A320 ba a kunna ta idan gudun jirgin ya wuce 230 a ma'aunin not. Ana taimaka mata da wani shafi a jikin gilashin mai sa ruwa ya dunƙule ya zame, shi gilashin kuma ana ɗumama shi da lantarki saboda ƙanƙara da raɓa.

Babbar dokarta, wadda duk direban da ya san hunturu zai gane, ita ce ba a kunna ta a busasshen gilashi. Ƙurar hazo irin ta Kano ko Yamai idan ta kwanta, waifa za ta ja ta ta karce gilashin, kuma karcen da ba ya damun kowa da rana shi ne yake warwatsa hasken fitilu da dare. Gilashin jirgi kuwa ba abin da ake canzawa da kuɗin aljihu ba ne.

Mai karatu, ko Hajji za ka ko Legas, idan ma'aikaciyar jirgi ta tsaya tana nuni, ajiye waya ka kalle ta. In takunkumi ya faɗo, ja shi da ƙarfi, ka rufe hanci da baki gaba ɗaya, kuma ka sa naka kafin na yaronka. Ko jakar ba ta kumbura ba, iska tana zuwa.