A Sakandare Ake Aza Harsashin Likitanci

Galibin iyaye, idan suka ƙudurta a zuci cewa ɗansu ko 'yarsu za ta zama likita, sukan ɗauka cewa al'amarin yana farawa ne ranar da aka kafe sunayen waɗanda jami'a ta ɗauka, alhali kuwa an riga an yanke rabin hukuncin tun shekara uku kafin wannan rana, wato lokacin da yaro ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar ya gama ƙaramar sakandare, aka raba ɗalibai, wasu ajin kimiyya, wasu ajin adabi, wasu na kasuwanci. Wanda bai shiga ajin kimiyya a wannan gaɓa ba, ko ya shiga amma bai sami malami da kayan aiki ba, to, da wuya ƙwarai ya riski ayarin daga baya, kome kaifin basirarsa kuwa.

Kafin a shiga bayanin darussan, ya kamata a san matsayin wannan ilmi a wurin magabata. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya lissafa ilmin likitanci da na hisabi cikin farillan kifaya, waɗanda idan wasu suka tsaya da su an ɗauke wa saura, idan kuwa gari ya wayi gari babu ko mutum guda da ya san su, laifin ya hau kan kowa. Har ma ya koka da yadda ɗaliban zamaninsa suka yi cincirindo a kan mas'alolin saɓani na fiƙihu, suka bar garuruwa babu likita Musulmi. A nan ƙasarmu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da ke wuyansa, ya wallafa risaloli a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Saboda haka uban da ya tura ɗansa ajin kimiyya da niyyar ya yi wa jama'a hidima a asibiti bai fita daga tafarkin malamai ba ko kaɗan.

Mahukuntan Kano sun fahimci cewa a sakandare ne gizo yake saƙa tun a shekarar 1977, zamanin gwamnan soja Kanar Sani Bello, lokacin da suka duba suka ga asibitocin jihar da ma'aikatunta sun dogara ga likitoci da injiniyoyi baƙi, domin 'yan ƙasa da ke cin darussan kimiyya har su cancanci shiga jami'a ba su taka kara sun karya ba. Sai aka kafa hukuma ta musamman, aka buɗe makarantun kimiyya biyu na kwana a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ana yi wa yara jarrabawa a sauran makarantu, a zaɓo waɗanda suka yi fice, a tara su wuri guda tare da ɗakunan gwaje-gwaje da malamai, ba su da wani shagali sai karatu. Bayan 'yan shekaru aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda ta koma hannun Jigawa da aka ƙirƙiro jihar a 1991. An yi muhawara a lokacin, wasu na ganin an kwashe wa sauran makarantu haziƙansu, amma natijar ta bayyana ga kowa, domin likitoci da malaman jami'a masu yawa da ke aiki a Kano da Jigawa a yau daga waɗannan azuzuwa suka fito.

Sharuɗɗan shiga kuwa a sarari suke. Mai neman karatun likitanci a jami'ar Nijeriya wajibi ne ya sami kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, a Ingilishi, da Lissafi, da Bayoloji, da Kemistiri, da Fiziks, kuma jami'o'i da dama sukan sharɗanta a same su a zama ɗaya. Sa'an nan ya rubuta jarrabawar JAMB a Ingilishi da waɗannan darussan kimiyya uku, ya sami maki mai tsoka, domin masu nema sun ninka guraben da ake da su sau da yawa. In ya dace, shekara shida ke gabansa a jami'a, da shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, kana ta bautar ƙasa. Amma lissafin kiredit da maki zahiri ne kawai. Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da waɗannan darussa suke dasawa a hannu da ido da tunanin yaro.

A ɗauki darasin Kemistiri, ranar da aka shiga ɗakin gwaji don auna ƙarfin ruwan asid. Ɗalibi zai cika dogon bututun gilashi mai zanen ma'auni, mai ɗan famfo a ƙasa, ya tabbata babu kumfar iska a bakinsa, ya zuƙo wani ruwan daidai mililita 25 ya zuba a kwalba, ya ɗiga masa rini ɗigo biyu ko uku ya koma ruwan ɗorawa. Daga nan sai ya riƙa sakin asid a hankali, hannu ɗaya a kan famfo, ɗaya yana juya kwalbar, har ya iso inda ɗigo guda tak zai sauya launin gaba ɗaya zuwa jaja-jaja; idan ya yi garaje ɗigo biyu suka wuce, aikin ya ɓaci, sai ya zubar ya sake daga farko. Zai sunkuya har idonsa ya yi daidai da saman ruwan kafin ya karanta lamba, ya rubuta, ya maimaita sau biyu ko uku har lambobin su yi kusa da juna. Wannan haƙuri da wannan kiyaye ɗigo su ne ainihin abin da ake bukata ga nas ɗin da za ta daidaita ƙarin ruwa ga jinjiri, ko mai haɗa magani da zai auna abin da kaɗan daga cikinsa waraka ne, mai yawa kuwa halaka. Haka kuma gwajin sukari da ake yi da ruwan Benedict, shuɗi ya koma ja kamar jan bulo idan aka ɗumama shi, da shi aka daɗe ana gano ciwon sukari a fitsari kafin zuwan na'urorin zamani.

Bayoloji kuwa shi ne mafi kusa da gadon majinyaci. Yaron da ya ɓare siririyar fatar albasa, ya shimfiɗa ta a gilashi, ya ɗiga mata aidin, ya murɗa madubin likita har ɗakunan halitta suka fito masa a jere, ya riga ya koyi muƙaddimar aikin da ma'aikacin ɗakin gwaji yake yi kullum idan yana neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a ɗigon jini, ƙwayar da likitan sojan Faransa Laveran ya fara gani a Aljeriya a 1880. A aji uku kuma, idan aka zo babin gado, malami zai zana akwati mai gida huɗu a allo, ya sa AS a sama, AS a gefe, ɗalibai su cike da kansu, su ga cewa a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai amosanin jini. Ɗalibar da ta fahimci wannan akwati ta riga ta mallaki hujjar da za ta bayyana wa danginta hikimar gwajin jini kafin ɗaurin aure, tun ba ta taka ƙofar jami'a ba.

Fiziks da Lissafi su ne waɗanda masu son likitanci suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali da ƙa'idar haske da gilashi ake yanka wa mutum tabarau, da ƙa'idar sauti ake hoton ciki, da ƙa'idar matsin ruwa ake fahimtar hawan jini. Kuma idan aka rubuta wa yaro mai kilo 10 magani miligiram 15 a kowane kilo, dole wani ya san cewa 150 ake nufi, ya kuma san mililita nawa ke nan a kwalbar da ke hannunsa, domin kuskuren sifili guda a nan ba ya gyaruwa. Ingilishi ma kada a raina shi, tun da yake da shi aka rubuta littattafan, da shi kuma ake rubuta fayil ɗin majinyaci.

Babbar illar da ke damun wannan karatu a wurarenmu ita ce hadda ba tare da aiki ba. Mun gaji kaifin hadda daga makarantar allo, kuma ni'ima ce da za ta yi wa ɗalibi rana idan ya zo sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi, amma a kimiyya gani ya kori ji. Akwai makarantun da ɗakin gwajinsu yake kulle shekara biyu da rabi, ba a buɗe shi sai jarrabawar aikin hannu ta ƙarato, a nuna wa yara kayan a gurguje. Irin wannan ɗalibi yana iya samun kiredit, amma zai sha wuya a shekarar farko ta jami'a. A Amurka akwai wani shiri mai suna Project Lead The Way da makarantun sakandare da yawa suke bi, inda darasin farko yake farawa da ƙagaggen labarin wani mutum da aka tarar ya rasu, a ba ɗalibai bayanan lafiyarsa da sakamakon gwaje-gwaje, su yi ta bincike har su gano sababin mutuwar. Ba lalle sai an kwaikwayi wannan harafi da harafi ba, amma manufarsa, wato a fara da tambaya kafin a ba da amsa, malami mai himma yana iya cim mata da albasa da dankali da madubi guda.

Ya kamata kuma a faɗa wa yara gaskiya tun da wuri, cewa asibiti ba likita kaɗai ke riƙe da shi ba. Waɗannan kiredit biyar ɗin su ne mabuɗin karatun haɗa magunguna, da kimiyyar ɗakin gwaji, da aikin jinya, da ungozomanci, da ɗaukar hoto, da gashin ƙashi, da likitancin haƙori, da kwalejojin fasahar lafiya masu yaye ma'aikatan da ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara. Sau da yawa yaro yakan ɓata shekara uku yana maimaita JAMB a kan likitanci kaɗai, alhali ƙauyensu yana bukatar ungozoma yau. Ga 'yan mata musamman bukatar ta fi tsanani, domin mata da yawa a ƙasar nan sukan jinkirta zuwa asibiti saboda kunyar namiji ya duba su, kuma babu hanyar samun likita mace sai an bar yarinya ta kammala ajin kimiyya.

Akwai kuma tarbiyyar da ba a ba ta maki, wato amana. Ɗalibin da ya saba rubuta lambar da ya gani da idonsa, ko da ta saɓa wa ta abokinsa, shi ne gobe ba zai rubuta sakamakon gwajin da bai yi ba; wanda kuwa aka saya wa amsa a ɗakin jarrabawa, an koya masa ha'inci a sana'ar da ake damƙa wa mutum rayuka. Don haka uban da zai zaɓa wa ɗansa makaranta, kada tsayin gini da fentin ƙofa su ruɗe shi. Ya nemi a buɗe masa ɗakin gwaji ya gani, ya tambayi ko akwai malamin Fiziks da na Kemistiri na dindindin, kuma sau nawa 'yan aji ɗaya suke shiga ɗakin a zango. Amsar waɗannan tambayoyi uku ta ishe shi sanin ko makarantar tana shirya ma'aikatan lafiya ne, ko kuwa takardar sakamako kawai take bugawa.