Dandalin Tofa: Awon Igiya Ne Ya Cinye Shi

A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci a adana. Ko wata huɗu ba a yi ba 'yan sanda suka hana hawan ƙaramar Sallar 2025, kamar yadda suka hana na babbar Sallar 2024, saboda rikicin sarautar Kano. Tashe ma an sha dakatar da shi a 'yan shekarun nan, wai ɓata-gari na fakewa da shi suna ƙwacen waya. A watan Mayun 2025 kuma Hukumar Tace Fina-finai ta haramta shagalin nan na biki da matasa ke kira Ƙauyawa Day. Aka yi ta cece-kuce a gidajen rediyo da Facebook, kowa na kukan al'ada ta mutu. Abin haushin shi ne duk kukan a kan birni ya ƙare. Nan yamma da birnin, a ƙasar Tofa, dandali ya daɗe da yin tsit ba tare da wani kwamishina ya sa hannu a takarda ba. Ɗan birni yana ɗaura tsumma yana kwaikwayon baƙauye a wurin biki, shi kuwa ɗan ƙauyen ya rasa inda zai yi wasansa na gaskiya.

Idan ka tambayi mutane abin da ya kashe dandali, amsa biyu za ka ji: ko a ce waya, ko a ce malamai. Ni dai a ganina duka biyun sun zo ne sun tarar da mara lafiya a kwance. Ciwon da ya kwantar da shi rashin fili ne, da kuma watsewar mutanen da filin yake tarawa.

Wasan ƙauye yana da lokaci, yana kuma da wuri. Lokacinsa kaka ce, bayan gero da dawa sun shiga rumbu, an cire gyaɗa, aljihun samari ya ɗan yi nauyi. Wurinsa kuwa ƙofar gidan mai unguwa, ko gindin wata tsamiya, ko gonar bakin gari da aka gama girbewa. Daga girbi zuwa faɗuwar damina, gona ba ta hana kowa wucewa. Da rana shanun Fulani su ci kara su bar taki, da yamma yara su yi langa, idan farin wata ya fito 'yan mata su yi gaɗa, samari su yi kokawa. A irin wannan fili mahauta ke kafa dambe da kalangunsu, a nan ake kalankuwa. Mai gonar bai yi asarar komai ba, domin ana yin ruwan shuka kowa zai watse. Ranar da aka yanka gonar nan fuloti-fuloti aka kafa bulo a kusurwoyi, wannan aron na rani ya ƙare har abada.

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Tofa mutum 97,734 a kan ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 202. Wato kusan mutum 480 a kowace murabba'in kilomita, kuma shekara kusan ashirin ke nan ana haihuwa ana ƙaura zuwa cikinta. Cunkoso kansa ba sabon abu ba ne a nan. Ƙasar da ke kewaye da Kano ta shahara da shi tun zamanin da jakuna ke ɗauko taki daga birni suna komawa da itace, har masana irin su Michael Mortimore suka yi ta nazarin yadda gona ke ciyar da jama'a masu yawa haka ba tare da an bar ta ta huta ba. Sabon abu shi ne gona ta daina zama abin nomawa ta koma haja. Mai son ganin inda aka dosa ya dubi Ɗorayi. Lokacin da Polly Hill ta yi bincikenta a can a farkon shekarun 1970, gidajen manoma ne a warwatse cikin gonaki. Yau unguwa ce cikin unguwannin birni, kuma yaran da ke cikinta a kan layi suke buga ƙwallo suna kaucewa babura. Abin da ya ci Ɗorayi shi ne ya biyo titin Gwarzo, ya wuce Rijiyar Zaki da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya iso Janguza da Langel, yana leƙen Lambu.

Yadda abin ke faruwa ba ɓoyayye ba ne. Magidanci ya rasu ya bar gona ɗaya da 'ya'ya fiye da goma. An raba gado, rabon kowa bai kai ya ci da shi wata uku ba. Ga dillali a ƙofar gida da kuɗin da noman shekara goma ba zai kawo ba. Wani zai aurar da 'ya, wani yana da mara lafiya a asibiti, wani yana son jari ko kujerar Makka. Ban ga laifin wanda ya sayar ba. Laifin yana wajen yankan. Mai awon igiya ba ya barin ko taku ɗaya da ba zai zama kuɗi ba: babu filin makaranta, babu na asibiti, wani lokaci ko na maƙabarta babu, hanyar ma sai an yi rigima ake barin wadda a-daidaita-sahu zai iya shiga. Wanda ya ƙi barin wurin binne mamaci, shi ne zai bar wurin gaɗa?

Sannan masu sayen fulotin yawanci mutanen birni ne da kuɗin haya ya koro. Kwana kawai suke yi. Da sassafe sun nufi Kantin Kwari ko Singa ko Sabon Gari ko ofis, sai bayan isha'i su dawo. Da yawansu ba su san mai unguwa ba sai ranar da ake neman sa hannunsa. Ɗan wanda ya sayar da gonar shi ma ya bi su, yana tuƙin a-daidaita-sahu, ko leburanci a wurin gini, ko dako a kasuwa. A da ɗan cirani rani kaɗai yake yi a waje, ya dawo da damina. Yanzu ciranin kullum ne, safe zuwa dare, shekara a zagaye.

A nan ne nake ganin asarar ta fi zurfi, domin masu shirya wasa su ne masu shirya aiki. Ƙungiyar samarin da ke fita gayya a gonar surukin abokinsu, da makaɗi a bayansu yana zuga su, ita ce ke gayyato 'yan kokawar ƙauyen maƙwabta bayan girbi, ita ke tara kuɗin makaɗa, ita ke tsawatar wa wanda ya yi rashin kunya a dandali. Sarkin samari ba sarautar wasa kawai ba ce. Gonar da ba ta wuce fuloti huɗu ba kuwa ba ta bukatar gayya, mutum biyu 'yan ƙwadago sun gama ta kafin azahar. Da gayya ta tafi, ƙungiyar ta rasa abin da ke ɗaure ta, sai wasan ya rasa mai shi.

Masu cewa wa'azi ne suna da ɗan abin kamawa, ba zan hana su ba. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, aka kafa Hukumar Hisbah da doka a 2003, kiɗan da ke cakuɗa maza da mata ya zama abin da mai unguwa ke tsoron a ce a ƙofar gidansa aka yi. Islamiyyar dare ta karɓe sa'o'in da 'yan mata ke fita gaɗa, kuma iyaye da yawa sun yi murna da hakan, domin dandalin da can ma ba duka abin da ke cikinsa ne abin alfahari ba. Amma wane malami ne ya haramta langa? Wa ya hana kokawa tsakanin samari? Dambe yana nan ana yin sa a cikin birnin Kano, a Ado Bayero Square, inda akwai katanga da mai karɓar kuɗin shiga. Ƙwallon ƙafa da babu mai faɗa da ita, ita ma kukan fili take yi. Waya kuwa, yaron da ba shi da wurin zuwa dole ya sunkuya a kanta.

Abin da ya maye gurbin dandali duk na kuɗi ne, kuma kusan duk na maza ne. Gidan kallon ƙwallo, inda saurayin da bai san sunan ɗan kokawar garinsu ba zai lissafa maka 'yan wasan Arsenal da Real Madrid har da na benci. Teburin mai shayi. Majalisar bakin titi. Shagon cajin waya. Mata da 'yan mata su aka fi cuta: in ka cire Islamiyya da biki da suna da Mauludi, ba su da wata fita da al'umma ta yarda da ita. Shi ya sa duk ƙishirwar nishaɗi ta taru ta faɗa kan biki. A ɗauko DJ, a toshe layi da kujeru saboda babu fili, maƙwabta su kai ƙara, hukuma ta zo ta hana. Haramcin Ƙauyawa Day reshe ya sara.

Akwai kuma maganar tarbiyya, wadda masu murnar mutuwar dandali ya kamata su sake dubawa. A dandali, saurayi a gaban jama'a yake tsayawa da yarinya, yayyenta na gani, ƙannenta na kai rahoto gida. Yanzu zancen ya koma cikin waya, iyaye su ne na ƙarshen sani. Fulotin da aka saya aka yi rabin gini aka bari, ya zama kangon da yara ke laɓewa suna shaye-shaye. An tashi taron da kowa ke gani, an samu wanda ba mai gani. Ko ɗan yawon Sallah da ake kai yara birni, su ga dawaki, su shiga gidan zoo, su hau Dala, ya yi wuya tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Magidanci mai 'ya'ya shida sai ya lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa ya ce a bari sai baɗi. Baɗin ta zo, an hana hawan.

Ba na cewa a dawo da 1970. Gonar da ta zama gida ta zama. Amma Tofa tana da mazaɓu 15, kuma ba dukansu igiya ta gama zagayewa ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma iko a kan filayen da ba a ayyana su a matsayin birni ba, har da ikon keɓe wuri don amfanin jama'a. Cinikin gona kuma da wuya ya ƙullu ba tare da shaidar mai unguwa ko dagaci ba. Saboda haka shugaban ƙaramar hukuma da hakimi da dagatai su haɗa baki: duk gonar da za a yanka, kada kowa ya sa hannu sai an fitar da filin jama'a an rubuta shi da sunan unguwa. Filayen makarantun firamare da suka rage a kare su daga masu gina shaguna, a bar yara su shiga da yamma. A yi shi yanzu da ake sayen ƙasa da kuɗin gona, domin idan ta koma kuɗin fuloti, ƙaramar hukumar ma ba za ta iya saya ba.